ZAMAN TARE: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani mutum wanda akan manta da shi a wurin ciniki.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Darki, ko karar shanu ta Wudil ran Jumma'a, ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita, mai kaya ya sallama. A ƙirga kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama hanyar gida. Mutum biyu ne suka yi ciniki, su biyun kuma suka yarda. Amma sau da yawa akwai mutum na uku. Ba ya wurin, ba a tambaye shi ba, bai karɓi ko kwabo ba. Duk da haka wani kashi na kuɗin kayan nan daga gonarsa, ko rijiyarsa, ko lafiyar 'ya'yansa za a cire shi. Kakanninmu sun san da irin wannan mutum, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masanan tattalin arziki ma sun san da shi. Wani malami na Jami'ar Kambirij a Ingila, mai suna Arthur Pigou, ya yi bayaninsa a shekarar 1920. Ɗaya daga cikin misalan da ya bayar shi ne na jirgin ƙasa mai aiki da gawayi. Kamfanin jirgi ya biya kuɗin gawayi, ya biya ma'aikata, fasinja kuma ya biya kuɗin tikiti. Lissafi ya cika a takarda. Amma tartsatsin wuta yana fita daga kan jirgin, ya faɗa a dajin wani mutum da yake bakin hanya, ya ƙone masa itatuwa. Wannan hasara ba ta cikin littafin kamfani, ba ta kuwa cikin kuɗin tikiti. Masana suna da sunan da suke kiran irin wannan abu, ma'anarsa kuwa ita ce abin da ya faɗa a waje da lissafi. Mu a nan za mu kira shi tartsatsin sana'a. Akwai mai ƙuna, akwai kuma mai albarka, kamar yadda za mu gani.

KOGIN DA YA RATSA WUDIL

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Wanda ya tashi daga Darki za shi Kano, sai ya haye gadar Wudil. In ya leƙa ƙasa zai ga masunta da komarsu, da masu ɗibar yashi, da masu wanki, da shanu suna shan ruwa, da lambuna a gefe da gefe. Wannan kogi ba a nan ya fara ba. Koguna biyu ne, wato Kogin Kano da Kogin Challawa, suka haɗu kusa da Tamburawa suka zama ɗaya. Daga nan ya gangaro Wudil, ya wuce Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, sa'an nan ya nufi Tafkin Cadi.

Kano ta daɗe da yin suna a kan fata. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara a kan raƙuma har ta kai Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko, gama ta can take biyowa. Majemanmu na dā da toka da bagaruwa suke jima. Da zamani ya zo, aka kafa manyan masana'antu a Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Jimar zamani tana cin ruwa da yawa, tana kuma amfani da gishiri, da magunguna masu cire gashi, da wani sinadari mai suna kuromiyam. In an gama, ruwan yakan fito da wari da launi. Shi ne ake kira dagwalo. Na Bompai yana bin Getsi ya shiga Jakara. Na Sharaɗa da na Challawa kuwa suna gangarawa Kogin Challawa, wato kogin da yake zuwa wurinmu.

Masu bincike daga jami'o'in ƙasarmu sun sha auna wannan dagwalo, da ruwan kogi kusa da inda yake zuba, da ganyayen lambun da ake shayarwa da shi. Sau da yawa sun sami kuromiyam da waɗansu ƙarafa masu guba fiye da abin da hukumomin lafiya suka yarda da shi. Gaskiya ne kafin ruwan ya iso Wudil, ruwan Kogin Kano ya sirka shi. Amma ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye. Yakan kwanta a cikin laka, ya shiga jikin kifi, ya shiga ƙasar lambu. Da rani kuma, sa'ad da ruwa ya ja baya, abin yakan fi ƙarfi.

To, ku dubi cinikin. Mai masana'anta ya sayi fata, ya biya mahauci. Ya biya ma'aikatansa. Ɗan kasuwa na Italiya ko Sifen ya sayi jemammiyar fata, ya biya. Kowa ya gamsu. Amma masuncin da kifinsa ya ragu, da matar da take wanke kwanuka a bakin kogi, da yaron da zai ci latas na lambun da aka shayar da dagwalo, ba wanda ya kira su wurin ciniki. Su ne kura.

ARAHA TA ƘARYA

Bari mu yi ɗan lissafi na misali, don 'yan makaranta su gane. A ce jimar fata ɗaya tana cin Naira 1,000. A ce kuma tace dagwalonta kafin a sake shi zai ci Naira 200. Ainihin kuɗin jimar fatar nan Naira 1,200 ke nan. In mai masana'anta bai tace ba, zai ce fatarsa ta ci 1,000, ya sayar da araha, ya sami masu saye da yawa. Amma Naira 200 ɗin nan ba ta ɓace ba. An aika da ita ne ta cikin ruwa zuwa ga mutanen gangare, su biya ta da kuɗin magani, da kifin da ba su kama ba. Sau da yawa ma abin da za su biya ya fi 200 nesa, gama hana dagwalo shiga kogi ya fi fitar da shi sauƙi.

Akwai wani mugun abu kuma. In mutum biyu suna sana'a ɗaya, ɗaya yana tacewa ɗaya ba ya yi, kayan mai tsoron Allah za su fi tsada, kasuwa kuwa za ta bi mai araha. Ta haka kasuwa takan hukunta mai gaskiya, ta sāka wa mai ɓarna. Ba don kasuwa muguwa ce ba. Kasuwa ba ta ganin kome sai abin da aka sa wa farashi.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a rufe masana'antu. Dubban gidaje sun ci abinci daga fata, waɗanda aka rufe kuma mun ga irin zaman banzan da suka bari. Abin da muke cewa shi ne, farashi ya faɗi gaskiya. Wanda ya ci riba, da wanda ya sa takalmin, su ne ya kamata su biya kuɗin tsabtace ruwan, ba masuncin Wudil ba.

MU MA AKWAI NA ƘASA DA MU

Yana da daɗi mutum ya nuna na sama da shi da yatsa. Amma kogi bai ƙare a Wudil ba.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. A 1992 kuma aka gama ta Challawa, kusa da Ƙaraye. Albarkar da suka kawo ba ta ɓoyuwa. Daga Tiga ake shayar da gonakin Kadawa, da Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir da suke cika kasuwanninmu, da yawa daga can suke fitowa. Birnin Kano yana shan ruwan. Kogin da a dā yakan janye da rani ya bar yashi, yanzu yana gudu shekara duka, masu lambu a bakinsa suna mora.

Amma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru da ambaliyar damina suke rayuwa. Kowace shekara ruwa yakan malale fadama, su shuka shinkafa. In ya janye su shuka wake da waɗansu amfani a danshin da ya bari. Kifi yakan hayayyafa a cikin malalen, makiyaya su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. Da aka tare ruwan a sama, ga kuma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, sai malalen ya ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki kaɗan kaɗan shekara duka kuwa ya zama abincin wata ciyawa da ake kira kacala. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani wuri ya bushe. Ta kuma zama mafakar tsuntsayen nan jan baki masu cinye hatsi.

A 1998 waɗansu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka buga lissafin da suka yi a kan wannan kogi. Suka auna abin da fadama take bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da manyan ayyukan ban ruwa suke bayarwa. Suka ga cewa in aka cika dukan ayyukan da aka tsara a sama, ribar da za a ƙaru da ita ba za ta biya ko rabin hasarar mutanen fadama ba. Dalilin da ya sa ba a ga wannan da wuri ba shi ne, buhunan Kadawa ana ƙirga su a rubuta, amma kifin da mutumin Nguru ya kama ya ci da iyalinsa ba ya shiga littafin kowa.

Ashe ke nan mu mutanen tsakiya ne. Akwai masu aiko mana da tartsatsi, akwai kuma waɗanda namu yake faɗa wa. Kowane mutum a duniya haka yake.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

Tun kafin a haifi Pigou da dubban shekaru, Allah ya riga ya sa mutum na uku a cikin shari'arsa. Muna roƙon kowane maigida ya buɗe waɗannan wurare ya karanta wa iyalinsa.

A Fitowa 21:33-34 an yi maganar wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe. In dabbar wani ta faɗa ta mutu, biya yana kan mai ramin. A Fitowa 22:5-6 akwai wanda dabbarsa ta shiga gonar wani, da wanda ya kunna wuta ta bi ƙaya ta kai ga hatsin maƙwabci. Su duka biyu an ɗora musu ramuwa. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya ja ɗan bango kewaye da bakin rufinsa, irin wanda maginanmu suke kira rawani, don kada wani ya faɗo alhaki ya hau gidan. Sura 23 ta littafin nan har wurin zagayawa ta tsara, a bayan zango, a kuma rufe da ƙasa. A Ezekiyel 34:18-19 kuwa Ubangiji ya tsauta wa tumakin da suka sha ruwa mai kyau, sa'an nan suka dama sauran da ƙafafunsu suka bar wa 'yan'uwansu. Wanda ya karanta wannan ya tuna da Kogin Challawa, ba ya bukatar mai fassara.

Ku lura da abu ɗaya. Mai ramin nan bai yi niyyar kashe jakin kowa ba. Mai wutar nan gonarsa yake sharewa. Ba mugaye ba ne, masu neman abinci ne kamar mu. Amma shari'a ba ta sallame su don sun ce ba da gangan suka yi ba. Rashin niyya yana rage laifi, amma ba ya biyan jaki. Wannan ita ce koyarwar da ta fi yi mana wuyar karɓa, gama mun saba ɗaukar zunubi a kan abin da muka ƙulla a zuciya kaɗai. Maganar Allah ta ƙara mana da abin da ya kamata mu hanga, amma muka ƙi dubawa don dubawar za ta ci mana kuɗi.

Sa'ad da aka tambayi Ubangiji Yesu ko wane ne maƙwabci, ya ba da labarin Basamariye a Luka 10. Mutumin da aka taimaka a labarin baƙo ne, ba dangi ba, ba ɗan gari ba. In haka ne, wanda yake shan ruwa a ƙasa da mu maƙwabcinmu ne, ko da ba za mu taɓa ganin fuskarsa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna riƙe da haƙƙin maƙwabci da ƙarfi. A kan wannan magana, ba abin da zai hana mu haɗa kai da su.

HANYOYIN GYARA

Masana sun nuna hanya uku.

Ta fari ita ce ta hukuma. Pigou ya ce a sa wa mai ɓarna haraji daidai da ɓarnarsa, don Naira 200 ɗin nan ta koma cikin littafinsa. In ya ga tacewa ta fi haraji sauƙi, da kansa zai tace. Ko kuwa a kafa doka a hana. A ƙasarmu an farka ne a 1988, sa'ad da aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yake Jihar Delta a yanzu. A ƙarshen shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idodi na musamman domin masaƙu da masana'antun fata. Doka kam akwai. Amma doka a takarda kamar fartanya ce a rataye, sai an ɗauka take noma.

Ta biyu ita ce ta sulhu. Wani masani mai suna Ronald Coase ya rubuta a 1960 cewa in mutanen kaɗan ne, an kuma san haƙƙin kowa, za su iya zama su daidaita da kansu. Misalin da ya bayar kuwa na makiyayi ne da manomi. Mu mun san wannan tun kafin a rubuta shi. In shanu sun yi ɓarna, akan je gaban mai unguwa ko dagaci, a auna, a biya. Bayan girbi kuma manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, ya ba shi hatsi, shanu su ci kara su bar taki. Amma Coase da kansa ya san iyakar wannan hanya. Manomi ɗaya zai iya zama da makiyayi ɗaya. Yaya masunta dubu da masu lambu dubu, daga Tamburawa har Haɗeja, za su zauna da masana'antu masu yawa, su gane wace ce ta kashe kifin wane?

Ta uku ita ce ta jama'a. Elinor Ostrom, mace ta fari da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki, a 2009, ta yi shekaru tana nazarin ƙauyuka a ƙasashe dabam dabam. Ta ga cewa mutanen da suke tarayya a kan ruwa ko daji ko makiyaya sukan iya kafa wa kansu ƙa'ida, su sa ido, su hukunta mai karyawa, abin ya daɗe yana aiki. Sarkin ruwa da yake hana su a wani gurbi sai lokacinsa ya yi, wannan aikin yake yi. Irin wannan tunani ne ya tara jihohi 6, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, a Damaturu a 2006, suka amince da shiri ɗaya na kula da kogin, suka kafa asusu dominsa.

Dukan ukun nan suna da amfani. Ya kamata masu bi su goyi bayansu, su halarci taron gari, su sa hannu a takardar koke in an rubuta, su tambayi masu neman ƙuri'arsu abin da za su yi a kan ruwa. Amma akwai wuraren da ma'aikacin hukuma ba ya zuwa, dagaci kuma ba ya gani. A nan sai lamiri.

A CIKIN GIDAJENMU

Bari mu sauko daga manyan masana'antu mu shiga lungunmu.

Ina indararon soronmu yake zuba? In a jikin katangar maƙwabci ne, mun tsirar da ginin mu da nasa. Ina kwatar gidanmu take ƙarewa? In a tsakiyar hanya take kwanciya, sauron da za ta haifa ba ya tambayar gidan wa ya fito. Sa'ad da za mu haƙa salga, mun auna nisanta da rijiyarmu kaɗai, ko mun tuna da rijiyar da take bayan danga?

Manomi ya dubi feshinsa. In ya fesa maganin ciyawa ana iska, waken maƙwabci ne zai sha. In ya wanke tulun feshi a rafi ko a bakin rijiya, ya aika da guba ga wanda bai sani ba. Galan ɗin magani kuma ba na zuba ruwan sha ba ne, ko an wanke shi sau goma. Wanda ya zuba magani a gurbi don ya kwashi kifi a rana ɗaya, ya kashe har da 'ya'yan kifin da za su ciyar da gari baɗi, ya kuma sayar wa mutane cuta. Samari masu cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya, su tuna da Fitowa 22. Uwargida kuma ta tuna da akuyarta kafin a gama kawar da amfanin gona, da ledar da ake watsarwa a bola. Mahauta sun sha samun dunƙulen leda a tumbin dabbar da ta rame ba a san dalili ba.

Mai janareta ya dubi inda hayaƙinsa yake fuskanta, ko tagar ɗakin da 'ya'yan wani suke kwana ce. Hayaƙin nan yana kisa, ba ya kuwa da ƙara. Ikilisiya ma ta dubi lasifikarta a daren addu'a. Akwai marar lafiya a unguwa, akwai mai jego, akwai ɗan makaranta mai jarrabawa da safe. Allah yana jin addu'a ko ba na'ura. Shaidarmu a gari takan lalace ta wurin ƙananan abubuwa irin waɗannan fiye da yadda muke zato.

Wani lokaci mutum na uku a cikin gida yake, yana rarrafe. A 2010 aka gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Iyaye suna kawo duwatsun zinariya gida suna niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara suke wasa. Yara wajen 400 suka rasu. Iyayen nan ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne, abinci suke nema musu. Mai sayen zinariya ya biya, mai haƙa ya karɓa, yaro ya biya sauran da ransa. Duk mai sana'a a cikin gida, ko gyaran batir ne, ko rini, ko ajiyar maganin ƙwari, ya yi wa kansa faɗa da wannan.

ALBARKACIN KAZA

Mun ce akwai tartsatsi mai albarka. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Wanda ya dasa darbejiya a ƙofar gidansa, dukan masu wucewa za su sha inuwa, ba mai biyansa. Wanda ya ɗaura amya, zumar tasa ce, amma ƙudajen suna sa lambunan unguwa su yi 'ya'ya. Wanda ya sa 'yarsa a makaranta, wata rana ita ce za ta karanta wa maƙwabciya takardar magani.

Rigakafi ma haka yake. Yaron da aka yi masa ya zama katanga ga jaririn maƙwabta. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano har cikin 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo aka dage, gida gida, sai ga shi yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta cutar ta kama a jihar nan, a Sumaila ne a 2014. A 2020 aka tabbatar Afirka duka ta rabu da wannan ƙwaya. Kowace uwa da ta miƙa ɗanta aka ɗiga masa, ta yi wa yaran da ba ta sani ba alheri.

Masana sun ce irin waɗannan ayyuka sukan yi ƙaranci a duniya, gama mai yinsu ba ya karɓar dukan ladansu a hannu. To, a nan ne ya kamata mai bi ya bambanta. Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo, kamar yadda yake a Littafin Firistoci 19:9-10. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. Mu da muka karɓi ceto kyauta, bai kamata mu tsaya sai an biya mu kafin mu dasa itace ba.

AIKIN WANNAN WATA

Muna ba kowane gida shawara, wata rana bayan addu'ar yamma, maigida da uwargida da yara su zaga gidan tare. Su bi ruwansu su ga inda yake ƙarewa. Su bi hayaƙinsu, da shararsu, da dabbobinsu. A kowane wuri su yi tambaya ɗaya: wa yake biyan wannan? In an sami wanda ake cuta, maigida ya je wurinsa da kansa tun bai kawo ƙara ba, a gyara, in akwai ramuwa a rama. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa kuma za su iya zaɓar abu ɗaya na alheri da unguwa duka za ta mora, ko yashe kwata, ko dasa itatuwa a bakin hanya in damina ta sauka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka yi kogi, kai ne kake shayar da na sama da na ƙasa. Ka buɗe idanunmu mu ga maƙwabcin da ba ya wurin cinikinmu. Ka ba shugabanninmu da masu masana'antu zuciyar yin gaskiya a kan ruwan da jama'a suke sha. Ka sa abincin da muke ci ya zama na guminmu, ba na hawayen wani ba. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.